Juyen Jirgin da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Kada mai karatu ya wahalar da kansa yana neman wawan da ke cikin wannan labari. Ni ne. Na faɗa da wuri don in rage wa mutanen garinmu aiki, tunda na san akwai waɗanda ba su da sana'a sai tuna wa mutum irin wannan.

Sana'ata fito. A mashayarmu, can ƙasa da Gwaram, da zarar damina ta zauna kogi yakan cika ya raba mu da mutanen hayi, sai a jirgi. Mahaifina da gora ya yi ta tura jirginsa har ƙirjinsa ya gaji. Ni kuwa da na ɗan zauna a firamare a Birnin Kudu, sai na ga bai dace mai ilimi irina ya tsufa yana dungurar ƙasan kogi da sanda ba. Ilimin nawa, in za a faɗi gaskiya, ya isa in karanta lambar mota, in kuma rubuta sunana da fenti a jikin jirgi, harafi ɗaya yana kallon baya. Amma a mashaya wannan ya isa a kira mutum Injiniya. Aka kuwa kira ni, ban hana ba.

Injin a wurin wani mai niƙa na saye shi, lokacin da wutar lantarki ta iso layinsu ya daina bukatarsa. Tsohon injin gas ne mai fistin ɗaya, nauyinsa kamar na ɗan maraƙi. Wani mai walda ya haɗa mini shi da dogon ƙarfe da farfela, muka kafa shi a gindin jirgi. In ya tashi, tum, tum, tum yake yi a hankali, kamar mace ɗaya tana daka. Ba ya sauri, amma bai taɓa barina a tsakiyar ruwa ba, kuma wannan ba ƙaramin yabo ba ne, don akwai mutane da yawa da ba zan iya faɗin haka a kansu ba.

Wanda bai taɓa yi wa injin jirgi juye ba, wato canjin baƙin mai, yana tsammanin kamar na mota ne. Ba haka ba ne. Mota ana shiga ƙarƙashinta a kwanta, a kwance noti, baƙin mai ya zubo a daro. Jirgi kuwa ƙarƙashinsa ruwa ne, injin kuma yana zaune daf da katako, tsakaninsu ko tafin hannu ba ya shiga da daɗi. Sai ka fara tayar da shi ya yi ɗumi, don mai in ya yi sanyi kamar kunun da ya kwana yake, ba ya son fita. Sannan ka jawo jirgin ka ɗora hancinsa kan yashi yadda man zai gangaro wajen notin. Ka yanke gefen tsohon galan ka cusa shi ƙarƙashi. Ka sa sifana ka sassauta noti, ka ƙarasa da yatsu, man ya kwararo maka da zafinsa har gwiwar hannu, ka yi salati. Galan ya cika, ka toshe ramin da babban yatsa, ka zaro da ɗaya hannun, ka juye a daro, ka mayar. Akwai wata 'yar rariya a ciki, ita ma a zaro ta a wanke da gas. In ya gama tsiyaya ka ɗaure noti, ka zuba sabo da mazurari, ka tsoma ɗan ƙarfen awo ka ɗaga shi sama ka duba a hasken rana kamar likita. Wannan dubawar nakan ja ta da tsawo, saboda masu kallo.

Masu kallo kuwa akwai su, ga dalili. Tun ranar da na kafa injin, Sarkin ruwa ya kira ni ya ce ko ɗigo ɗaya na baƙin mai ya gani a kan ruwan da mata ke ɗiba shanu ke sha, to ni da fito sai a mafarki. Na rasa inda zan kai tsohon man. Mai ɗakina ce ta ce in ba ta, ta shafa wa azarar ɗakinmu da gara ta dame. Gara ta gudu. Labari ya bazu. Daga nan ranar juye ta zama kamar 'yar ƙaramar kasuwa. Sau biyu nake yi a shekara, farkon ruwa da kuma bayan an janye jirgi da kaka. In na faɗa a masallaci bayan sallar asuba cewa yau akwai juye, kafin hantsi bakin mashaya ya cika da masu gwangwani.

Ba a sayarwa. Mai ɗakina ta ce abin da za a zubar ba a karɓar kuɗinsa. Ita ke rabo, tana zaune a gindin gawo da wani tsohon ludayi da ta ware don wannan aikin. Ladan ake fara ba, saboda ƙyauren masallaci. Sai Fulani, masu shafa wa shanu a kofato in damina ta jiƙa su. Sai masu amalanke da masu keke. Sannan mata, masu azara da ƙafar rumbu da bakin masai. Ana rabo ana gardama, wannan ya ce an tauye shi, waccan ta ce nata duk laka ne. Ni ina cikin jirgi, hannu baƙi ƙirin, ina ba da fatawa kan abin da ba a tambaye ni ba.

Cikin masu zuwa akwai taubashiyata, 'yar kawuna, wadda aka kai aure hayi wajen Dingaya tun muna da sauran baƙin gashi. Tunda ita 'yar namiji ce ni ɗan mace, a wurinta ni bawa ne, kuma ba ta taɓa barin rana ta faɗi ba ta tuna mini ba. Ita ba ta bin layi. Takan tsaya a bakin jirgi ta miƙo gwangwani.

"Kai bawa, cika mini tun daga bakin injin, ba na son na daro."

"Tsohuwa, je ki bi layi. Nan wurin masu ilimi ne."

"Ilimin da ya sa ka rubuta sunanka yana tafiya da baya? Cika mini, in ba haka ba in sayar da kai in sayi gishiri."

Mai ɗakina takan yi dariya har ludayi ya kusa faɗuwa, ta ce, "Yaya, in kin sami mai saye ki faɗa mini in yi masa ragi."

Haka muke har aka yanke mu daga Kano aka ce yanzu mu Jigawa ne. Na yi murna kamar kowa. Har na ƙara wa jirgin fenti, na ce tunda an sami sabuwar jiha dole ma'aikata su riƙa zirga-zirga, kuma duk wanda zai haye sai ya bi ta hannuna. Ma'aikatan sun zo kuwa. Ni na haye da su, da dogayen sandunansu na awo, suna leƙa wani abu mai ƙafa uku. Na yi ta yi musu bayanin kogin, inda yake da zurfi, inda ƙasansa dutse ne, ina jin daɗi an sami masu ilimi 'yan'uwana. Ashe wurin kafa gada nake nuna musu.

Ba zan zagi gada ba. Mata masu naƙuda sun huta, masu kai hatsi kasuwa sun huta. Ni ma na huta, irin hutun da ba a roƙa ba. Ɗana namiji ya tafi Dutse ya sami aikin tuƙi. 'Yata tana aure a Yalwan Damai, tana fama da nata gidan. Sannan a ƙarshen wata damina mai ɗakina ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta.

Mutane sun yi mini kirki, kuma kirkin ne ya kusa kashe ni. Da, in na fito, wannan ya ce Injiniya ina aka kwana da hayaƙi, wancan ya ce a matsa kada a shafa mana baƙi. Bayan rasuwar sai kowa ya koma "Sannu Baba," "Ya haƙuri Baba." In na zo majalisa ana dariya sai a yi shiru a gyara mini wuri. In na yi wasa sai a yi murmushi irin wanda ake yi wa mara lafiya. Kwanon tuwo yana zuwa daga maƙwabta safe da yamma, a rufe, a ajiye a zaure. In ci ni kaɗai, ina jin ƙarar haɗiyata. Ban taɓa sanin gidan nan yana da faɗi haka ba. Na gane a lokacin cewa mutumin da aka daina zagi an fara yi masa jana'iza ne a tsaye.

Da kaka ta yi, na ja jirgi kan yashi kamar kullum, duk da cewa a daminar nan bai ɗauki kowa ba sai wasu masunta da suka ji tausayina. Don sabo kawai na ce a masallaci yau akwai juye. Ban sa rai ba. Sai ga mutane. Gada ta kashe fito, amma ba ta kashe gara ba. Na rasa mai rabo, na ɗauki ludayin da kaina, ina zuba rabi a gwangwani rabi a ƙasa, mutane suna karɓa suna sunkuyar da kai suna addu'a. Can sai na ji muryar taubashiyata daga bayana.

"Dube shi. Ko ludayi bai iya riƙewa ba. Ita dai baiwar Allahn nan ta sha wahala, shekara da shekaru tana kiwon wannan."

Wani ya ce subhanallahi. Ni kuwa wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na juya na ce, "Wa ya bar tsofaffi suna hawa gada ba mai riƙe musu hannu?"

Ta ƙwace ludayin ta ture ni gefe ta raba man da kanta. Mijinta ita ma ya daɗe da rasuwa, tana zaune a gidan ɗanta. Da aka watse ba ta tafi ba. Ta zauna a gindin gawon, ta yi ta zagina har la'asar: gemuna, rigata da ba a wanke ba, yadda na rame kamar kazar mayu. Ranar nan na cinye tuwona tas, har na suɗe kwano.

To, a nan wautar ta fara. Na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi, na ce: ba ta zuwa sai da juye. Juye na gaba kuwa sai farkon ruwa. Wa ya ce dole sai farkon ruwa?

Mai hankali zai ce me ya hana ka taka ka je gidan ɗanta ka gaishe ta, ga gada kyauta. Wannan tambaya ce ta wanda bai taɓa yin fito ba. Ɗan fito ba ya zuwa wurin mutane, mutane ke zuwa wurinsa. Tun ina yaro ina zaune a bakin ruwa duniya tana iske ni. Ban san yadda ake sallama a ƙofar gida a ce ba komai, na zo ne kawai ba. Ban da haka, tsoho gwauro ya riƙa sintiri ƙofar bazawara, kafin ya dawo gida an riga an yanka musu sadaki a majalisa. Ni kuwa abin da nake so bai kai nan ba. So nake ta zo ta zauna ta zage ni, in ji ni mutum ne.

Na shiga mota na tafi Birnin Kudu wurin Alhajin da nake sayen mai a hannunsa tun farko, wani mai shagon kayan mota da rabin danginsa ke Kano. Ya ba ni galan, na biya na tafi. Da na sake komawa ba da daɗewa ba, ya sauke tabarau ya dube ni.

"Injiniya, ba kwanan nan ka saya ba?"

"Aiki ya yi yawa, Alhaji."

"Da rani? Na ji an ce kogin naku ko akuya ba ta jiƙa ƙafa."

"Inji ba ya sanin rani da damina. Akwai ƙa'idojin da sai wanda ya yi karatu."

"Haka ne," in ji shi, yana ɗaure mini galan ɗin. "In jirgin ya fara zuwa Jidda ka riƙe mini kujera."

Sai dai akwai matsala. Mutanenmu sun yi imani ƙarfin man yana cikin baƙinsa. In ka ba su mai garau sai su ce wannan ai gara miya za ta yi da shi. Mai kuwa ba ya baƙi sai inji ya yi aiki. Don haka na riƙa sauka mashaya da hantsi, in zuba ruwa a tankin sanyaya shi, in murɗa hannun tayarwa har ya kama, in zauna. Jirgi a kan busasshen yashi, farfela tana juyawa a iska tana watsa ƙura, awaki sun gudu daga inuwar da suke kwanciya. Ni ina zaune a mazaunin direba, hannuna a kan sitiyarin ƙarfe, ina fuskantar hayi. Motoci suna wucewa a kan gada, fasinjoji suna leƙowa. Wasu su ɗaga hannu, ni ma in ɗaga, kamar dai muna tafiya tare kowa a hanyarsa. In na kashe shi da azahar, shirun da ke biyo baya ya fi na gida nauyi. Sai ƙarar ƙarfe yana hucewa, ƙas, ƙas, da kukan kurciya a kan gawo.

Dabarar ta ci da farko. Na yi shela, aka zo, ita ma ta zo. Ta ce, "Wannan injin naka gudawa yake yi ne?" Na ce shekaru ne, ita ma ta sani. Ta jefe ni da ƙwallon goruba. Na sake yi, aka zo, amma an ragu. Fulani sun tafi kudu da shanunsu. Ladan ya ce ƙyauren masallaci ya sha mai har yana ɓata wa mutane riguna, a dakata. Masu keke suka ce sarƙarsu ta ƙoshi. Awakina kuwa suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, suna komawa galan. Ɗana ya zo daga Dutse ya ga abin da nake, bai yi mini faɗa ba, ya ce a hankali, "Baba, ka zo ka zauna da mu mana." Na ce wa zai kula da injin? Ya dubi injin, ya dube ni, ya ce Allah ya ƙara lafiya. Shi ma ya koyi ladabin nan mai kisa.

Har aka kai ga in na yi shela ita kaɗai ke zuwa. Ban damu ba, don dama taron ba shi nake nema ba. Takan iso da gwangwaninta a cikin ƙwarya, in cika mata, ta ajiye gefe, ta zauna. Wani lokacin zagin yakan ƙare mu zauna muna kallon yashi. Wani lokacin ta tuna mini kakarmu, da yadda take ɓoye mana ƙuli-ƙuli a cikin tulu. Duk duniya ba wanda ya rage da ya san wannan tulun sai ni da ita.

Sai aka shiga wahalar mai. Gas ya ɓace daga gidajen mai, na 'yan bumburutu kuma ya fi ƙarfina. Ga sabon galan na baƙin mai a ɗaki, ga inji, amma ba abin da zan tayar da shi. Na zuba man a ciki na bar shi ya kwana biyu, na kwance noti, ya fito kusan yadda ya shiga, kamar zuma. Na zauna ina kallonsa a daro. In na ba ta wannan za ta gane. In ban yi shela ba, ba za ta zo ba.

Na koma gida na shiga madafa, wurin da ban taka ba tun rasuwar. Tukwanen mai ɗakina suna nan a kife a jere yadda ta bar su, gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsu. Na ɗauki babbar, wadda take tuwon sallah a ciki, na juya gindinta. Baƙi ya yi kauri a kai, na wutar shekaru. Na sa wuƙa na fara kankarewa a kan faifai. Ina kankarewa ina jin ƙamshin hayaƙin kara, sai na ga kamar yanzu za ta ce daga bayana, Malam me kake nema a nan. Na daɗe a tsugune a wurin. Sannan na tashi na daka baƙin a turmi, na tankaɗe, na dama shi cikin man. Ya yi baƙi ƙirin, har ya fi na gaske kyau. Na yaba wa kaina. Na ce ilimi dai ba ƙarya ba ne.

Ta zo, ta karɓa, ta zage ni, ta tafi. Na kankare tukunya ta biyu na sake haɗa wani, na yi shela.

Ranar na sauka mashaya tun hantsi na jera komai yadda aka saba, daro a gaba, sifana da tsumma a kan injin, na shafa baƙi a hannu don a ga an yi aiki. Rana ta take, ba kowa. Na yi azahar a gindin gawo. Inuwa ta juya ta koma gabas. Duk wadda ta ɓullo a kan gada da mayafi sai in miƙe, in ga ba ita ba ce, in koma in zauna kamar dama miƙa nake yi. Na fara cewa a raina shi ke nan, ita ma ta ƙoshi.

Sai bayan la'asar na hango ta. Ba ta bi gada ba, ta yanko ta cikin yashi, tana tafe a hankali tana dafa gwiwa. Ba ƙwarya a kanta, ba komai a hannunta.

"Bawa, ya jikin injin? Kai ba na tambayarka, na ga kana motsi."

"Ina gwangwanin? Ko tsufa ya sa kin manta abin da ya kawo ki?"

Ta sunkuya ta tsoma yatsa a daro, ta murza, ta kai hanci.

"Wancan da ka ba ni," in ji ta, "na ajiye shi ya kwana. Da safe sama ya yi garau kamar man gyaɗa, baƙin duk ya kwanta a ƙasa. Tun da nake ban taɓa ganin baƙin mai ya yi gari ba."

"Sabon samfuri ne. Turawa sun canza haɗi."

"Turawan da kara suke girki?"

Na ce ai ƙasashe sun bambanta. Ta goge yatsan a jikin jirgi, ta dube ni, ba dariya a fuskarta.

"Tukwanenta ka kankare."

Ta je gindin gawo ta zauna, ta juya mini baya tana kallon hayi. Na ga ta kai gefen mayafi ido. Na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin injin, na daɗe ina nema.

Can ta ce, "Zo ka zauna, ka ishe ni da ƙwaramniya." Na zo na zauna nesa kaɗan. Ta ce, "Bari in faɗa maka. Ƙarƙashin rumbuna gwangwanaye ne a jere, ko buɗe su ban yi ba. Azara ta sha, ƙyaure ya sha, akurkin kaji har ƙyalli yake. Gara ta yi ƙaura daga unguwarmu gaba ɗaya. Surukata ta ce in na ƙara shigo mata da gwangwani ɗaya za ta haɗa ni da shi ta kai bola. Ni na gama karɓar mai."

Ga abin da nake gudu ya iso, kuma a bakinta. In ba ta karɓar mai, me zai sake sauko da ita mashaya? Maimakon in faɗi abin da ke raina, sai na gyara zama na ɗauko muryar Injiniya.

"Wannan rashin sani ne. Amfanin baƙin mai ba ya ƙarewa. Kin shafa wa turmi?"

"In daka hatsi a ciki mu mutu?"

"To ƙotar fartanya. Dangar gida. Gadon kara. A ƙasashen da suka ci gaba har bishiya ake shafa wa."

"Allah ya ba su lafiya."

"Ɗanki ba yana da jaki ba? Na gan shi ranar kasuwa da gyambo a baya. Ba abin da ke korar ƙuda daga gyambon jaki kamar wannan. Ki riƙa zuwa kina karɓa a kai a kai, don magani ba a yanke shi. Ni saboda jakin nake faɗa."

Ta juyo gaba ɗaya ta ƙare mini kallo, tun daga hula har silifa. Ni da ake cewa ko a gaban alƙali ba na rasa ta cewa, har yau da nake ba da wannan labari ban samo amsar abin da ta faɗa ba. Cewa ta yi:

"Kai dai an yi tsohon banza. Tun zamanin kakanni, namiji in yana son mace ta zo ta zauna kusa da shi goro yake saye. Kai duk karatunka ba ka ga abin da ya dace da ni ba sai maganin gyambon jaki?"